Ƙafar da Ba Ta Sha Guduma Ba

A unguwarmu, Poumpoumré, tsakanin masallaci da zauren Modibbo, akwai tankin ruwa da ke zaune a kan dogayen ƙafafun ƙarfe huɗu. Shato muke ce masa, yadda kowa ke faɗa a Garoua. Daga gare shi masallaci ke samun ruwan alwala, daga gare shi matan layinmu ke ɗiba in famfon gari ya ɗauke, kuma a inuwarsa yaran makarantar Modibbo ke shimfiɗa tabarmi da hantsi. Tankin kansa sayo shi aka yi. Ƙafafun kuwa, da sandunan da suka gitta tsakaninsu, aikin kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa a sana'ar walda.

A gida ɗaya na tashi da Kawu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ni yarinya ce mara magana. In baƙi suka shigo nakan ɗauki littafi in koma bayan ƙofa, kuma shi kaɗai ne a gidan bai taɓa tsokanata a kan haka ba. Abin da na fi saninsa da shi shi ne ƙarar guduma. Sauran masu walda in sun gama ɗinkin ƙarfe, sai su kankare dattin saman su wuce. Kawu kuwa sai ya ɗauko wata 'yar guduma mai zagayayyen kai, ya bi gefen ɗinkin tun yana da zafi, yana dukansa a hankali, kusa da kusa, har wurin ya yi tabo-tabo kamar bayan tasar tagulla. Haka maigidansa ya koya masa a tashar jiragen ruwa ta bakin Binuwai, zamanin da jirage ke hawowa da damina. In aka tambaye shi dalili, cewa yake ƙarfe yana da riƙo. Ka ƙona shi, ka tilasta masa haɗuwa da wanda bai sani ba, zai yi maka shiru, amma bai yafe ba. Guduma lallashi ce, in ji shi. Maƙwabta dai ba su ɗauke ta lallashi ba. Inna takan ce a cikin wannan ƙarar ta haife mu duka, shi ya sa babu mai saurin firgita a cikinmu.

Shekarar da nake ba da labarinta ina karatun injiniya a Ngaoundéré, na dawo gida yin estaj, wato koyon aiki, tare da wasu ma'aikata da suka zo daga Douala duba manyan tankunan wata masana'anta a bayan gari. Shugabarsu mace ce, 'yar kudu, doguwa mai ƙaramar murya, kowa Madame yake ce mata. Sun zo da wata na'ura a cikin akwatuna. In aka harhaɗa ta, hannu ne na ƙarfe mai gaɓoɓi kamar wuyan zalɓe, a ƙarshensa da wani kai da bai wuce girman kwanon sha ba. Kan yana harba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, amma siriri, a kan ɗigo ɗaya na ƙarfe. A ido ƙarfe dunƙule ne, amma can ciki ƙananan ƙwayoyi ne jere sahu-sahu. Hasken yakan dake su ya dawo, kuma daga yadda ya karkata wajen dawowa ake gane ko sahun sun buɗe fiye da kima, ko sun matsu. Hannun ya juya kan ta nan, ya juya ta can, ya auna, sannan ya matsa da kansa zuwa ɗigo na gaba. Ba ya rawa, ba ya ƙosawa. Ina jin shi ya sa na so shi tun ranar farko.

Abin da ake nema, a littattafanmu contrainte résiduelle ake kiransa. Ɗinkin walda in yana hucewa yakan so ya tsuke, ƙarfen da ke gefensa ya hana shi, sai wani ja ya zauna a wurin, ko da ba a ɗora wa ƙarfen komai ba. Inda ja yake, nan tsaga ke samun ƙofa. Inda kuwa ƙarfe yake a matse, tsaga ba ta iya buɗe baki. Ranar da malaminmu ya fara wannan bayanin a aji, na rubuta "riƙo" a gefen takardata, ban gaya wa kowa ba.

Aikina a wurin Madame shi ne share wurin da za a auna. Ba a goge shi da injin gurza, domin gurzar kanta takan bar nata riƙon ya rufe na asali. Da magani ake cire fenti, a wanke, a busar. Madame ta lura ba na gaggawa, sai ta bar mini wannan gaba ɗaya.

Ana tsakiyar zafin bazara, ladan ya ga wani jan layi na tsatsa a gindin ƙafar shato da ke fuskantar zauren Modibbo. Ya kankare da farce, sai ga tsaga, siririya kamar gashi, a gefen ɗinki. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Dama a kwanakin ana ta zancen wani shato da aka ce ya faɗi can wajen Bogo. Babu wanda ya gani da idonsa, amma kowa yana da ɗan'uwan da ya gani. Modibbo ya kwashe yaransa daga inuwar ya cusa su a zaure, cikin wannan zafin. Jauro, mai unguwarmu, ya tara dattawa a ƙofar masallaci. Wani matashin mai walda da ya buɗe shago a bakin titi ya halarta, kuma shi ne ya faɗi maganar da ta zauna a kunnen mutane. Ya ce wanda ya yini yana dukan ƙarfe, me yake tsammani? Guduma ce ta tsaga shi, kuma in ƙafa ɗaya ta tsage, sauran ma suna hanya. Aka tashi a kan cewa za a juye ruwan, a yanke ƙafafun, a ba wani ya yi sabbi.

Kawu yana wurin, a kunnensa aka yi. Kwana kaɗan bayan haka, wani da ya ba shi aikin ƙofa ya aiko a karɓo ƙarafansa, wai ya fasa ginin. Wani ya biyo baya. Ba a yi masa rashin kunya ba, gaisuwa ma ta ƙara tsawo, amma mutumin da aka san shi da cewa aikinsa ba ya dawowa ya zama wanda ya kafa wa yara abin da zai danne su. Ya koma zama a kan benci a ƙofar shagonsa, hannuwansa a kan gwiwa. Gudumar ta yi shiru. A karo na farko a rayuwata na ji kukan kurciyoyin gidanmu da tsakar rana, kuma ban ji daɗinsa ba. Inna ta riƙa dawowa da kwanonsa kamar yadda ta kai.

Na daɗe ina shirya maganar da zan yi wa Madame, ta roƙon a auna shatonmu, cikin Faransanci a raina, ina gyara ta a kan babur, ina sake gyara ta wajen wanke ƙarfe. Ranar da na faɗa, muna hutun cin abinci a gindin darbejiya, na zubo ta duka a numfashi ɗaya, idona a kan takalmanta. Madame ta gama tauna abin da ke bakinta. Ba ta tambayi komai game da Kawu ba. Ta tambayi tsawon shaton, da kaurin ƙarfen, da ko da gaske ne yara ke zama a ƙarƙashinsa. Sannan ta ce za ta nemi izinin ofishinsu, in sun yarda mu je ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta hana na'urar aiki, domin zafin Garoua ya fi ƙarfinta.

"Amma ki sani," ta ce, "na'urar nan ba ta da kawu. In aikin ba shi da kyau zan faɗa a gaban kowa, kuma ke za ki fassara. Za ki iya?"

Na ce zan iya. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Jauro ya amince a dakata har Asabar, ina jin don yana son ganin na'urar da idonsa. Kawu da na gaya masa, sai ya dube ni ya ce to, Uwata ta kira masa likita.

Da muka iso, rabin unguwa na wurin. A Garoua hoton ƙashi na asibiti radiyo ake ce masa, don haka labarin da ya riga mu shi ne za a yi wa shato radiyo. Muka kewaye wurin da igiya, Madame ta sa na yi bayani cewa hasken ba a kusantarsa, in jar fitila ta kama kowa ya tsaya bayan igiya. Muryata ba ta kai sahu na biyu ba, sai ladan ya maimaita da irin muryar kiran salla. Wata tsohuwa ta ce in an gama da tanki a duba mata ƙugunta, tunda an zo. Ladan ya tambaya ko za a ce wa shaton ya riƙe numfashi. Aka yi dariya, har Madame da na fassara mata. Kawu yana tsaye can gefe, ya sa rigarsa ta Juma'a.

Madame ta fara da fesa wani jan ruwa a kan dukan ɗinkunan, irin wanda ke shiga tsaga ya tona ta. Ba a sami wata ba sai waccan da ladan ya gani. Sannan na durƙusa na fara cire fenti a ƙafa ta farko, mai kallon masallaci. Fentin na narkewa, sai ga tabon gudumar Kawu a ƙarƙashi, jere a gefen ɗinki, babu wanda ya hau kan wani. Madame ta shafa da yatsa, ta ɗaga kai tana neman mai aikin a cikin jama'a, na nuna mata shi da ido.

Aka kafa hannun, kowa ya ja baya, jar fitila ta kama. Hannun ya sunkuya a hankali, ya karkata kai, ya tsaya, ya sake karkatawa. Mutane suka yi tsit, kamar ana yi wa wani allura. Lamba ta fito a allon kwamfuta da ɗan jan layi a gabanta, Madame ta karanta da ƙarfi: négatif.

Jauro ya yi makarantar Faransanci, kuma a wurinsa négatif abin da bai ci jarrabawa ba ne. Ya girgiza kai, ya juya yana gaya wa dattawa da Fillanci cewa ƙafa ta farko ta faɗi. Kawu kuwa bai san kalmar ba sai a asibiti, inda in an ce maka négatif ka tashi ka tafi gida, babu zazzaɓi a jininka. Sai muka ji ya ce alhamdu lillahi, a fili. Matashin mai walda ya yi dariya, ya ce Baba yana murna da faɗuwarsa. Aka fara gardama, sannan kowa ya juyo ya dube ni.

Ban taɓa magana a gaban dattawan unguwa ba. Na ce Kawu ne ya yi daidai. Na ce a wannan aikin négatif na nufin ƙarfen a matse yake, kamar haƙoran da aka cije, tsaga ba ta da wurin shiga, kuma dukan guduma ne ya matse shi haka. Jauro ya nemi in maimaita. Na maimaita, wannan karon ladan bai taya ni ba, kuma an ji. Madame ta ƙara da cewa wannan dabara sananniya ce, a manyan masana'antu ma ana yin ta da injin, tana da suna a littafi. Kawu ya tambaye ni sunan, na faɗa masa, ya gwada shi a bakinsa sau ɗaya ya bari.

Ƙafa ta biyu haka, ta uku haka. Duk sanda Madame ta ce négatif, sai yaran bayan igiya su amsa da alhamdu lillahi, har Modibbo ya ɗaga musu sanda daga ƙofar zaurensa.

Na zo kan ta huɗu, mai tsagar. Tun kafin fentin ya gama narkewa yatsana ya gaya mini. Sumul. Babu tabo ko ɗaya, ba a gindin ba, ba a ɗinkin sama ba. Ɗinkin kansa na Kawu ne, na san hannunsa, amma guduma ba ta taɓa wurin ba. Na ci gaba da wankewa fiye da yadda ake bukata, don ba na son ɗagowa. Da hannun ya auna, lambar ta fito babu layi a gabanta, kuma babba. Positif, in ji Madame, a hankali.

"To," Kawu ya ce. "Wannan ita ce mai zazzaɓin."

Babu wanda ya yi dariya. Magana ta juya nan take. Yanzu an yarda ba guduma ce ta tsaga ƙarfen ba, rashinta ne. Amma me ya sa mutumin da ya san amfaninta ya hana wa ƙafa guda, kuma wadda ta fi kusa da inda yara ke zama? Madame ta sa na tambaye shi. Ya dubi ƙasa ya ce in gaya mata ya manta. Kawu ba ya manta inda ya ajiye ƙusa, amma aikina fassara ne, na fassara yadda ya faɗa. Matashin ya ce wanda ya manta da ƙafa sukutum, Allah kaɗai ya san me kuma ya manta. Rana ta riga ta ɗaga, na'urar ta fara kukan zafi, Madame ta kashe ta. Jauro ya ce a dawo bayan la'asar a yanke magana.

A gida na sami Inna tana tankaɗe. Na ba ta labari tun daga farko, tana ta aikinta, har na zo kan ƙafa ta huɗu. Sai ta ajiye rariyar. Ta tambaya ko ta wajen zauren Modibbo nake nufi. Na ce ita. Ta ce ai wannan ita ce ta makon da Dada ta rasu.

Dada matar Modibbo ce, duk unguwa haka muke kiranta. Ina ƙarama lokacin, abin da na tuna kawai shi ne dabino da aka raba. Inna ta ce an tayar da ƙafa uku an ɗaure su da igiya, hadari yana haɗuwa kowace yamma, in aka bar su a haka iska za ta iya kayar da su kan masallaci, don haka aikin bai tsaya ba. Masu gaisuwa kuwa a ƙofar zauren suke zama, daidai gindin ƙafar da ta rage. Kawu ya yi waldarsa, ita ba ta da ƙara sosai, amma bai iya ɗaga guduma a kan mutanen da ke zaman makoki ba. Da aka watse, ƙarfen ya daɗe da hucewa, shi kuma a saninsa ƙarfe mai sanyi ba ya jin lallashi. Sai ya shafa fenti.

Ba mu ji shigowarsa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula yana fifita da ita.

"Uwata, wannan maganar ba ta fita ƙofar gidan nan."

"Kawu, za su yanke shi."

"Su yanke. Kina so in tsaya a gaban mutum in ce masa mutuwar matarka ce ta tsaga abin da ke kan ɗalibanka? Gara a ce na manta."

Inna ta ce masa taurin kansa tun suna yara ne, ta ɗauki rariyarta. Ni kuwa na shiga ɗaki na zauna da littafi a buɗe, ban karanta layi ɗaya ba.

Bayan la'asar aka sake taruwa, dattawa kawai wannan karon, a kan tabarmi. Madame ta yi bayani, ina mayarwa Hausa, Jauro yana mayarwa Fillanci ga waɗanda suka fi jin sa. Ta ce ƙafa uku lafiyarsu ƙalau. Ta huɗu tana da ja a ɗinkunanta, iska da cikawa da juyewar ruwa na shekaru suka buɗe tsagar. Ba sai an yanke komai ba. A juye ruwan, a tokare, a cire tsagar, a sake ɗinki, kuma ita da za a tambaye ta, wanda ya yi ukun farko za ta ba. Jauro ya ce ya ji, amma maganar ba ta ƙarfe kaɗai ba ce. Iyayen yara za su tambaye shi me ya sa ya mayar da aiki hannun wanda ya ce da bakinsa ya manta, shi kuma ba shi da amsa. Wasu suka gyaɗa kai. Kawu yana zaune a ƙarshen tabarma yana kallon yatsun ƙafarsa.

Modibbo ma yana kan tabarmar. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Ya miƙe da sandarsa ya ce in nuna masa abin da ake magana a kai, shi bai gane lamba ba. Na kai shi ƙafa ta farko na ce nan, Baba. Ya sunkuya ya shafa tabon da yatsunsa, kamar mai bin rubutu a allo. Na kai shi ta huɗu, ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya tambaye ni ko na'urar tamu tana iya faɗin ranar da aka yi kowane ɗinki.

Na ji idon Kawu a bayana. Na ce, "A'a, Baba, ba ta san rana ba. Ta dai san inda guduma ta yi shiru."

Ban ƙara ko harafi ba. Modibbo ya miƙe tsaye, ya dubi ƙafar, ya dubi ƙofar zaurensa, da ɗan filin da ke tsakaninsu. Ya tambaya wace ƙafa aka yi a ƙarshe. Ladan ya yi tunani ya ce yana jin wannan ce. Modibbo ya jingina da sandarsa, na fara jin tsoron abin da na yi. Da ya yi magana, da Hausa ya yi, don Kawu, kuma bai ɗaga murya ba.

"Tun da ka fara aikin nan gudumarka ta hana ni karatu. Na so in aika a ce ka rage, Dada tana kwance ta ce in bar ka, in ta ji ƙarar ta san gari ya waye. Ranar da muka dawo daga maƙabarta a nan na zauna. Ina ganin tartsatsin wutarka, ban ji guduma ba. Na ɗauka kunnena ne ya toshe." Ya juya wajen Jauro. "Wannan ba mantuwa ba ce. Ga amsar da za ka ba iyayen yara. In ba su gamsu ba, su zo wurina."

Aka yi wa Dada addu'a, aka shafa. Kawu ya daɗe da hannuwansa a fuska. Da Madame ta tambaye ni me ya faru, na rasa ta inda zan fara da Faransanci, na ce mata an ba shi aikin, sauran zan gaya mata a mota.

Washegari aka juye ruwan, mata suka cika duk wani abu mai baki a unguwar. Aka tokare ƙafar da manyan katakai, kuma matashin mai walda yana cikin masu riƙewa, ba wanda ya kira shi. Kawu ya gurje tsagar har ya kai lafiyayyen ƙarfe, ya sake ɗinki, sannan ya ɗauko gudumar. Kafin ya fara ya dubi zauren. Modibbo yana zaune a ƙofa, ya ɗaga masa hannu ya ce ya daka, in ya so har ranar Juma'a ana huɗuba.

Sauran ɗinkunan ƙafar ba su tsage ba, Madame ta ce su ma a bi su da guduma a yadda suke. Kawu ya ce in gaya wa likita ƙarfen da ya yi shekaru da hucewa ba zai ji ba. Ta ce ya gwada guda ɗaya, na'ura ta raba su. Ya bi ɗinkin da duka yana gunaguni, matashin yana leƙa yadda yake riƙe ƙotar.

Da sassafen ranar da za su koma Douala muka sake kafa hannun. Babu taro wannan karon, sai mu da ladan da wasu 'yan akuya. Sabon ɗinkin ya ba da négatif. Aka matsa zuwa tsohon da aka daka da sanyi. Jar fitila ta kama, hannun ya sunkuya, ya karkata, na ga na riƙe numfashi ni da kaina, kamar yadda ladan ya so shaton ya yi. Lambar ta fito da layinta a gaba. Kawu bai jira fassara ba. Ya matso ya dubi allon, ya dubi ƙafar, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe yana yafewa ko bayan shekaru," ya ce.

Madame ta ja masa kunne cewa na'urar fatar ƙarfe kawai take gani, ba cikinsa ba, don haka kowace shekara a riƙa kankare gindin ƙafafun ana dubawa. Ya ce wannan aikin Uwata ne, tunda ita ce ta iya tona asirin mutane ba tare da ta faɗi komai ba. Ban fassara wannan ba.

Aka mayar da ruwa, yara suka dawo inuwa da allunansu. Mai ƙofar nan da ya fasa gini ya sake tunani, aka dawo da ƙarafan a kan amalanke. Ranar da na gama estaj na dawo gida da azahar, tun daga bakin layi nake jin gudumar. Inna tana tsakar gida tana mita, wai mutum ba zai samu ya runtsa ba a gidan nan. Na shiga ɗaki, na ajiye jaka, na kwanta a kan tabarma da niyyar karanta shafi biyu. Sai kiran la'asar ne ya tashe ni.